Baƙunci a Kufai

A arewacin ƙasar Sikotlan, cikin tsaunuka da tsibiran da masu harshen Galik suka zauna shekaru aru-aru, akwai wani irin wasan kwaikwayo da ba ya buƙatar dandamali, ko labule, ko kujeru. A fili ake yin sa, a wuraren tarihi, tsakanin kangayen duwatsu ko a ƙauyen da aka sake ginawa yadda yake a da, irin wanda ke gidan tarihin garin Newtonmore. Ɗan kallo ba ya zama wuri guda. Bin 'yan wasan yake yi daga wannan ƙofa zuwa waccan, kuma ba a barin sa ya harɗe hannu. Duk wanda 'yan tashe suka taɓa ja cikin wasansu a ƙofar gida ya san yadda abin yake: kana cikin kallo sai ka tsinci kanka a ciki.

Mu ƙaddara mun je. Wata mata sanye da tufafin shekara ɗari biyu da suka wuce ta tare mu da gaisuwar da ba mu gane ba. Ta ja mu cikin wani ɗaki mai kaurin bango da rufin ciyawa, wuta na ci a tsakiyarsa, hayaƙi ya turnuƙe don ba shi da mafita sai ta cikin rufin. An zaunar da mu a gefen wani dogon katako, an miƙo mana jiƙaƙƙen ƙyallen ulu. Mata na waƙa, muna bugawa muna tura wa na kusa, kamar yadda matan can suke yi a da don saƙa ta yi kauri. Muna dariya, yara na tsalle. Can sai ga wani mutum da takarda a hannu. Ya karanta da Turanci. Matar ba ta gane ba, mu ne muka gane: an ba su wa'adi su tashi. Sai ta juyo ta ɗora mana tukunya a hannu, ta nuna mana ƙofa.

Bayan sa'a guda mun fito, wasunmu da ƙwalla a ido. Mun sha shayi, mun ɗauki hoto da wayoyinmu, mun hau mota. To, me muka yi ke nan? Ta'aziyya muka je ko shan iska? Ya dace a mai da ranar baƙin cikin wasu mutane abin nishaɗin wasu, har da sayen tikiti? Mamatan dai ba wanda ya nemi izininsu, kuma ba su da bakin cewa a'a.

Abin da ya faru

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san labarin da ake kwaikwaya. Galikawa sun rayu ne dangi-dangi, kowane dangi da shugabansa, kuma a fahimtarsu ƙasar da kakanninka suka noma kana da haƙƙin zama a kanta. Bayan yaƙin Culloden na ranar 16 ga Afrilu, 1746, inda sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe magoya bayan Yarima Charles Edward Stuart, gwamnati ta karya ikon shugabannin dangi. Ta hana riƙe makamai, ta hana sanya tufafin gargajiya, dokar da ba a soke ba sai a 1782. Sannu a hankali shugaban dangi ya rikiɗe ya zama mai ƙasa mai neman kuɗin haya. Da aka buga lissafi, sai aka ga tumaki sun fi mutane kawo riba.

Daga wajen 1750 zuwa 1860 aka tashi dubban iyalai daga kwaruruka masu albarka. Wasu aka tura su gaɓar teku, kan ƙananan filaye masu duwatsu. Wasu suka hau jiragen ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya.

A kwarin Strathnaver, cikin ƙasar Sutherland, a 1814, wakilin masu ƙasar, Patrick Sellar, wanda shi kansa ya karɓi hayar wurin don kiwon tumaki, ya jagoranci korar. An cinna wa rufin gidaje wuta. A ƙasar da itace ke wuya, ƙona wa mutum azarar ɗakinsa daidai yake da hana shi sake gini. Wata tsohuwa tukuf, Margaret MacKay, da aka fito da ita daga ɗakin da ke ci da wuta, ta rasu bayan kwanaki kaɗan. A 1816 aka gurfanar da Sellar a kotun Inverness. Waɗanda aka kora masu jin Galik ne, harshen kotu kuwa Turanci. Aka wanke shi. A 1819 aka sake wata korar a kwarin, wadda ta fi ta farko girma.

A 1845, mutanen Glencalvie, kimanin su 90, da aka fitar da su daga gidajensu, suka fake a harabar majami'ar Croick, a waje, ƙarƙashin tamfol. Har yau akwai sunaye da 'yan kalmomin da aka karce a gilashin tagar majami'ar don tunawa da su. Da Turanci aka yi rubutun, harshen da aka kore su da shi.

Harshen ma bai tsira ba. Dokar ilimi ta 1872 ta wajabta karatu a Sikotlan, amma ba ta ba Galik gurbi ba. A ƙidayar 1891 masu jin sa sun haura 250,000. A ta 2011 sun dawo kimanin 57,000, wato mutum ɗaya da ɗan ɗoriya cikin ɗari. Sai a 2005 majalisar Sikotlan ta yi dokar da ta ba harshen matsayi a hukumance.

Wannan shi ne abin da ake gayyatar mu mu shiga ciki, bayan mun biya a ƙofa.

Hujjar masu cewa a yi shiru

Akwai masu ganin cewa kufai kamar maƙabarta ne, abin da ya dace da shi shi ne a tsaya, a sunkuyar da kai, a wuce. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Hawayen da aka saya da tikiti masu araha ne. Mun ɗauki tukunya na minti goma, alhali mun san shayi na jiran mu, mun san inda za mu kwana. Abin da ya sa korar ta zama masifa shi ne babu ƙofar fita daga cikinta, kuma wannan shi ne abu ɗaya da wasa ba zai taɓa iya ba mu ba. Sai mu fito muna jin mun san yadda abin yake, har muna ganin kirkin kanmu don mun yi kuka. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wataƙila da mamatan za su yi magana, da mai yawo da wahalarsu a idon duniya za su fara.

Sannan wasan da ke neman 'yan kallo dole ya faranta musu, in ba haka ba a rufe shi. Daga nan ake fara zuba wa tarihi zuma. Su kuwa Galikawa sun taɓa ganin wannan da idonsu. A 1822, da Sarki George na Huɗu ya ziyarci birnin Edinburgh, marubuci Walter Scott ya shirya gagarumin biki, sarki ya fito sanye da irin tufafin tsaunukan da aka taɓa haramtawa, manyan gari suka yi ado da su, aka sha kiɗa. Shekara uku kacal ke nan da ƙona gidajen Strathnaver karo na biyu. An rungumi rigar, an kori mai rigar. Duk mai shirya wasa a kufai yana tsaye ne a bakin wannan ramin.

Shiru ma yana da wanda yake goyon baya

To amma idan muka bi masu wannan ra'ayi muka yi shiru, wa ya ci riba? Baƙon da ya je Strathnaver yau, abin da zai gani shi ne kwari mai kyau, kogi, tsaunuka, ba kowa. Zai ɗauki hoto ya ce ya ga daji yadda Allah ya halicce shi. Ba zai san cewa 'yan duwatsun da ciyawa ta rufe a gefen hanya harsashin ɗakin wani ba ne, nan aka yi haihuwa, nan aka yi biki. Wannan tsit ɗin da yake sha'awa shi ne ainihin abin da masu korar suka so su samar, kuma sun samar. Dutse ba ya magana. A can gabashin Sutherland kuwa, bisa tsaunin da ke kallon garin Golspie, akwai mutum-mutumin basaraken da aka yi korar a ƙasarsa, wanda tsawonsa tare da ginshiƙinsa ya kai kimanin mita 30, tun shekarun 1830. Idan kowa ya kame baki, shi kaɗai zai ci gaba da ba da labari.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa wasa da juyayi ba sa zama a inuwa ɗaya. A 1973 wata ƙungiyar 'yan wasa mai suna 7:84 ta zagaya ƙauyukan tsaunuka da tsibirai da wani wasa da John McGrath ya rubuta a kan korar, da abin da ya biyo bayanta har zuwa zamanin haƙar man fetur a teku. A ɗakunan taron ƙauye suka yi shi, a gaban jikokin waɗanda aka kora, da waƙoƙin Galik, da barkwanci, da karanta bayanan abin da ya faru, a ƙarshe kuma a ture kujeru a yi rawa. Mutanen ba su ɗauke shi cin fuska ba. Sun cika ɗakunan, domin labarinsu ne da makaranta ba ta koya musu ba aka faɗa a bainar jama'a.

Ke nan yin wasan ba shi ne laifi ba, kuma barin sa ba shi ne tsira ba. Abin da ya rage mu gano shi ne matsayinmu idan mun shiga, da abin da wannan matsayi ya ɗora mana.

Mu baƙi ne

Galikawa suna da wata kalma, cèilidh, wadda yau duniya ta san ta da ma'anar daren kiɗa da rawa. Asalin ma'anarta ziyara ce. Da dare maƙwabta kan taru a wani gida, a zagaye wuta, a yi hira, a yi tatsuniya, a yi waƙa, a jero salsalar dangi. A nan tarihinsu ya rayu, daga baki zuwa kunne. Idan muka dubi wasan kufai da wannan ido, sai mu ga sunanmu na gaskiya: baƙi ne mu a gidan mutane, masu gidan kuwa sun riga mu gidan gaskiya.

Su kuma sun san abin da mugun baƙo ke iya yi. A farkon Fabrairun 1692, sojojin gwamnati kimanin 120 suka sauka a kwarin Glencoe, a gidajen dangin MacDonald. Kusan mako biyu ana ba su ci da sha da makwanci. Da asubahin 13 ga wata, bisa umarni, suka tashi suka afka wa masu masaukinsu, saboda shugaban dangin ya makara wajen yi wa Sarki William mubaya'a. An kashe mutum 30 ko fiye, wasu kuma sanyi ya kashe su a cikin dusar ƙanƙara. An yi kashe-kashen da suka fi wannan yawa a tarihin ƙasar, amma wannan ne ba a manta ba, domin dokar Sikotlan kanta tana da suna na musamman ga irin sa: kisa a ƙarƙashin amana.

Ba wanda zai kwatanta ɗan yawon buɗe ido da sojan Glencoe. Amma darasin yana nan: wanda ya zauna a bakin murhunka ya ɗauki amanarka, ko ya sani ko bai sani ba. A ganinmu haƙƙi uku ne masu kufai ke bin baƙinsu, da masu shirya wasan da ke kai baƙin.

Na farko, kada a yi musu ƙarya, ko da ta yabo ce. Rayuwarsu kafin kora ba aljanna ba ce. Akwai talauci, akwai yunwa, musamman da cutar dankali ta ɓulla daga 1846, akwai kuma waɗanda suka yi ƙaura don raɗin kansu. Wasu daga cikin waɗanda suka tsallaka teku, a ƙasar da aka raba wasu al'ummu da ita suka kafa sababbin gidajensu. Sannan ba kuka kaɗai suka iya ba. A 1882, a Braes da ke tsibirin Skye, maza da mata suka yi fito-na-fito da 'yan sanda da duwatsu da sanduna a kan haƙƙin kiwo. A 1883 gwamnati ta naɗa hukumar bincike ƙarƙashin Lord Napier, kuma shaidan farko, Angus Stewart, kafin ya faɗi komai sai da ya nemi tabbacin cewa ba za a kore shi daga gonarsa ba saboda abin da zai faɗa. Dokar 1886 da ta ba ƙananan manoma tabbacin zama a gonakinsu daga wannan tsayin daka ta fito. Wasan da ya nuna su a matsayin abin tausayi kawai ya sake ƙwace musu wani abu, wato jaruntakarsu. Wanda ya nuna su tsarkaka kuma ya ƙwace musu zama mutane irinmu.

Na biyu, a bar musu harshensu. Abu ne mai sauƙi a yi wasan duka da Turanci, a barbaɗa gaisuwa ɗaya da waƙa ɗaya ta Galik kamar gishiri a miya, don kada baƙo ya takura. Amma takurar nan ita ce darasin. Baƙon da ya yi minti biyar ana magana a kansa bai gane ba, yana kallon baki yana laluben ma'ana, ya ɗanɗani kaɗan daga abin da manomin Strathnaver ya ji a gaban kotu. A Nova Scotia ta Kanada, inda jikokin masu ƙaura suka kafa ƙauyen tarihi mai suna Baile nan Gàidheal, masu tarbar baƙi cikin tufafin da suna amfani da Galik a aikinsu, kuma hakan bai hana mutane zuwa ba.

Akwai kuma wani tarko a cikin kalmar da masu tallar irin wannan wasa ke yawan amfani da ita, wato raya tarihi. Abin da ya mutu ake rayawa. Galik kuwa bai mutu ba. Ana magana da shi a tsibiran Lewis da Uist da Skye, akwai makarantun da ake koyarwa da shi har a birnin Glasgow, akwai tashar talabijin ta BBC Alba tun 2008. Ɗakin hayaƙin nan ma ba na zamanin da can ba ne sosai: wanda ake nuna wa baƙi a Arnol, a tsibirin Lewis, da mutane a cikinsa har 1966. Masu kufan suna da magada. Idan wasa ya koya wa baƙo cewa Galik kayan gidan tarihi ne, to ya ƙarasa aikin da dokar 1872 ta fara. Idan kuwa ya ba matashiya mai jin harshen aikin yi a ƙauyensu, a lokacin da gidajen tsibirai ke komawa masaukan 'yan hutu, matasa na rasa wurin zama, to kuɗin tikitin ya koma hannun masu shi.

Na uku shi ne ya fi nauyi, kuma a kanmu yake: kada mu riƙa zaɓar wa kanmu matsayin wanda aka zalunta a kowane lokaci. A wasan da muka ƙaddara, kowa yana son ɗaukar tukunya, ba mai son riƙe takarda. Kuma da yake an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, abu ne mai daɗi a tattara laifin duka a ɗora wa mutum ɗaya irin Sellar, mu yi masa ihu, mu koma gida da zuciya fes. Amma mutum ɗaya ba ya tashin kwari guda. Akwai wanda ya rubuta takardar, da wanda ya kai ta, da wanda ya riƙe wutar, da makiyayin da ya karɓi aiki a sabon filin, da mai sayen ulu a birni da ya ji daɗin farashi. Yawancinsu mutane ne masu iyali da ke tsoron rasa abincinsu. Sojojin Glencoe ma haka, kuma ana ba da labarin cewa wasunsu sun yi wa masu masaukinsu raɗa su gudu.

Wasan da ya isa wasa shi ne wanda wata rana zai miƙo mana takardar, ya ce mu karanta wa matar da ta gama ba mu wuri a bakin wutarta. A nan dariya za ta ɗauke. Za mu karanta don an ce mu karanta, kuma jama'a na kallo? Ko za mu mai da ita? Mafi yawanmu ba mu san amsar ba sai an gwada mu. Wannan tambaya kuwa ba ta tsaya a Sikotlan ba. Duk inda aka yi rusau, ko aka tashi ƙauye don wani babban aiki, waɗanda aka kora kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda suka tsaya kallo, da waɗanda suka sa hannu, da waɗanda suka sayi fili da araha daga baya. Idan muka yi wa kanmu adalci, a cikin waɗannan aka fi samun mu.

Matar da ta kafa gidan tarihin da ke Newtonmore a yanzu, Isabel Grant, ta fara shi ne a tsibirin Iona a 1935, tana tattara tukwane da kujeru da kayan noman da ake zubarwa. Sunan da ta sa masa shi ne Am Fasgadh, wato mafaka. Ma'aunin da ya kamata a auna kowane wasan kufai da shi ke nan: mafaka ce ga mutanen da aka hana su mafaka, ko kasuwa ce da aka kafa a kan kabarinsu?

An ce baƙo raɓa ne, kafin hantsi ya tafi. Gaskiya ne, ba za mu zauna a kufai ba, mota na jiran mu. Amma kafin mu ajiye tukunyar a bakin ƙofa, akwai ɗan abin da za mu iya: mu tambayi sunan ƙauyen da harshen masu shi, mu maimaita har bakinmu ya iya, mu tafi da shi. Idan kuma wata rana, a garinmu, aka miƙo mana takarda irin waccan, mu tuna mun taɓa zama a bakin wutar wani.